Sandar da Aka Cire wa Batir

Rana ta yi ja lokacin da manaja ya leƙo ya ce da Auta ya ɗauki jaka ya je ya canja batiran layin gada. Mai yin zagayen ya kwanta da zazzaɓi, ga shi maɓallai shida sun fara rauni. Auta ya buɗe baki zai kawo uzuri, ya laluba bai samu ba, ya ce to.

Aikin kamfaninsu ba mai wuyar ganewa ba ne. Wani ɗan abu suke yi mai faɗin murfin kwalba, suna ce masa maɓalli, su manna shi a jikin kaya: allon tashar bas, keken marasa lafiya, kwandon shara. Maɓallin ba ya komai sai fitar da sigina, kamar mai talla da ba ya gajiya. Duk wayar da ta matso kusa, mita talatin ko ƙasa da haka, sai sanarwa ta faɗo mata, in an taɓa ta buɗe shafi a intanet. Allon tasha ya gaya maka yaushe bas zai zo, kwandon shara ya gaya wa masu kwasa ya cika. Auta yana cikin ƙwararrun wurin. Shi ne ma mai cika baki cewa nan gaba ko cokali sai ya yi magana.

Wata bakwai ke nan da ya daina cika bakin. Wata bakwai kuma bai bi ta ƙarƙashin gadar nan ba, gara ya yi zagayen rabin awa.

Babansu ne mantuwa ta kama da tsufa. Ya kan fita ya rasa hanyar gida, ya kan kira Yaya da sunan mahaifiyarsu da ta rasu. Yaya, babbar 'yar gidan, ta ajiye koyarwa ta dawo tana jinyarsa. Shi kuwa Auta, da gemunsa da shekara talatin da biyu, ya kawo gudummawa irin ta sana'arsa. Ya manna maɓalli a wuyan sandar Baba, ya buɗe masa shafi mai layi biyu: "Wannan dattijo yana da mantuwa. In ka same shi, ka kira ɗansa." A ƙasa akwai wurin dannawa, ba suna, ba lamba, danna kawai kira ya shigo wayar Auta. Sau huɗu abin ya yi amfani. Yaya har albarka ta sa masa.

Na biyar ɗin ya faɗo ranar da manyan baƙi suka zo ganin aikin kamfani. Auta ne a gaban allo, cikin kwat ɗin aro, yana bayani bakinsa kamar an shafa masa mai. Har misali ya kawo da wani tsoho da ya sani, wanda sandarsa take kiran 'ya'yansa. Ana tafa masa wayar ta girgiza a aljihu. Ya kashe. Ta sake. Sai ɗaya daga cikin baƙin, da ke tsaye a taga, ya yi dariya ya nuna ƙasa.

Baba ne a bakin get. Takalmi ƙafa ɗaya, gaban wandonsa a jiƙe, yana nuna ginin da sanda. Duk abin da ya manta a duniya, bai manta inda ɗansa ke aiki ba. Mai gadi na tsaye da waya a kunne, yana kiran ɗan da bai san ko wane ne ba.

Manaja ya yamutsa fuska ya ce, "Wa ya san wannan tsohon?"

Auta ya dubi takardunsa. Ya ce a ransa minti ashirin ne ya rage, yana gamawa zai sauka. Kira na uku ya shigo, ya kashe wayar gaba ɗaya.

Da ya sauka, mai gadi ya riga ya kori tsohon, ruwa kuma ya kece. Sun kwana suna nema. Da safe aka samu Baba a ƙarƙashin gadar da ke bayan kamfanin, jikinsa kamar ƙanƙara, yana rungume da sandar. Kwana biyu ya yi a asibiti ya cika.

A barandar asibitin Auta ya sa farce ya ɓanɓare murfin maɓallin, ya zare batirin, ya ce wa Yaya batir ne ya mutu, shi ya sa ba wanda ya kira. Ita kuma ta yarda, don ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Laifin duk ta kwashe ta ɗora wa kanta, tun da ita ta hau sama kwashe shanya ta bar ƙofa ba sakata. Tun daga nan barcin kirki ya ƙaurace mata. In ya je gidan ta kan riƙe hannunsa ta ce, "Ni na kashe shi, Auta." Shi kuma ya ce, "Haba Yaya, kwana ne ya ƙare." Ya iya faɗin wannan sosai. Sandar kuwa ya ce mata ya bayar sadaka, alhali wurga ta ya yi cikin kwatar ƙarƙashin gada, daga sama, ba tare da ya leƙa ba.

Abin da yake tsoro a duniya ɗaya ne, kada Yaya ta sani. Ita kaɗai ta rage masa, kuma ita kaɗai ke kallonsa a matsayin mutumin kirki.

To, ga shi yau aiki ya kawo shi.

Maɓallai biyar na farko ba su ba shi wahala ba. Ya buɗe manhajar aiki, wadda ke jera duk maɓallin da ke kusa da sunansa da nisansa. Allon tasha, mita huɗu. Ya kwance, ya canja, ya ɗaure. Ƙa'idarsu ce in ka canja batir ka ja da baya kana kallon waya har sigina ya yanke, don ka tabbatar ya kai inda ake so. Haka ya yi ta yi, yana tafiya da baya kamar mai ban kwana da surukai.

Na shida yana jikin turken fitila, can ƙarshen hanyar ƙafa da ta ratsa ƙarƙashin gadar. Magariba ta kawo jiki. Masu sayar da kaya a bakin hanyar sun naɗe sun tafi. Sama motoci na wucewa, ƙasa ba kowa.

Ya tsaya a bakin shiga ya gyara jakarsa. Taku sittin ne, ya san shi. Hagu bango, dama kwata mai faɗi, ruwanta baƙi ƙirin, ba ya tafiya. Wurin na warin gansakuka da tsohon fitsari. Ruwa na ɗiga daga rufin siminti, ɗis, ɗis.

Ya shiga.

Taku ashirin, wayar ta girgiza a hannunsa. Ya ɗauka turken fitilar ne ya fara shigowa. Ya duba.

Sandar Baba, mita talatin.

Ya tsaya cak. Shi ya rubuta sunan nan da yatsansa. Ya sa hannu a aljihun baya, ya zaro walat, ya laluba bayan katin aiki. Batirin na nan inda ya ɓoye shi wata bakwai, ɗan ƙarfe zagayayye mai sanyi.

Maɓalli ba ya magana ba batir. Wannan ko sabon shiga ya sani.

Ya ce a ransa manhajar ce ta rikice, tsohon suna ne ya maƙale. Ya rufe ta ya sake buɗewa. Yatsansa ya zame sau biyu saboda gumi.

Mita ashirin da shida.

Shi bai motsa ba.

Ya kasa kunne. Ƙarar motocin sama ta yi nisa, kamar an danne ta da matashi. Ɗigar ruwan ta tsaya. Sai ya ji wani abu daga bayansa, ta bakin da ya shigo.

Ƙwas.

Robar gindin sandar Baba ta daɗe da cinyewa, ƙarfe ne ke taɓa ƙasa. Sau nawa Yaya ta ce ya sayo sabuwa.

Ƙwas. Sai jan takalmi, shaa. Sai tafin ƙafa tsirara a kan jiƙaƙƙen siminti.

Mita ashirin.

Auta ya fara tafiya gaba. Bai yi gudu ba. Ya ɗaga ido ya ga hasken bakin fita, ja-ja, nesa fiye da yadda ya sani. Ya ƙirga taku ashirin. Ya ƙirga wasu ashirin. Hasken bai matso ba.

Mita goma sha biyu.

Wari ya canja. Man zafi ne, irin wanda Yaya ke shafa wa Baba a gwiwa, da warin tufafin da ruwa ya kwana a jikinsu. Ya so ya yi addu'a. Ya kama farkonta, tsakiyar ta ɓace masa, ya koma farko.

Wayar ta yi haske da kanta. Shafin ya buɗe ba wanda ya taɓa shi. Launinsa na nan, wurin dannawa na nan, amma rubutun ba nasa ba ne.

"Wannan yaro yana da mantuwa. In ka same shi, ka kira ubansa."

Mita biyar.

Mita uku.

Sandar ta yi shiru.

Numfashi ya sauka a ƙeyarsa, mai sanyi, daga sama. Baba gajere ne, kafaɗar Auta ma bai kai ba.

Aka yi magana a hankali. Muryar ba ta Baba ba ce, kuma ba ta mutum ɗaya ba ce. Kamar mutane da yawa suna raɗa kalma guda a tare.

"Wa ya san mai sandan nan?"

Auta bai juya ba. Ya runtse ido.

"Ba ubanka ba ne mu. Ya tafi inda za shi. Mu masu wurin ne, a gidanmu ya kwana."

Wani abu ya kama wuyan hannunsa na hagu. Yatsu ne dogaye, sun zagaye hannun sau biyu, jiƙaƙƙu, ba ɗumi ko kaɗan. Aka ja shi taku ɗaya wajen kwata. Takalminsa ya zame a gansakuka.

"Ya yi ta kira. Mun ji sunan har muka haddace. Da gari ya waye aka ɗauke shi. Sai aka jefo mana sandarsa a ka."

Taku na biyu. Ya ji gefen simintin a ƙarƙashin tafinsa.

"Wa ya san mai sandan nan?"

Wayar ta fara ƙara a hannun damansa. Kira ne, ba suna, ba lamba. Ta yi ta yi ta katse. Ta sake kamawa.

Ruwan kwatar ya motsa. Wani abu ya taso daga ciki, ya taɓa idon sawunsa, ya tsaya.

Kira na biyu ya katse.

Auta ya san na ukun ne na ƙarshe. Ba wanda ya gaya masa, shi ya san lissafin.

Ta kama ƙara.

Ya danna, ya kai kunne.

Ruwan sama ya ji, mai ƙarfi, yana dukan siminti. Cikin ruwan akwai numfashi, gajere, mai kakari. Sai wata 'yar murya da ya sani tun yana goye.

"Auta na nan ciki. Ku gaya masa na zo. Aiki yake, kar ku dame shi. Zan jira."

Abin da ya kama Auta a lokacin ya fi tsoro. Kunya ce, irin wadda ke sa mutum ya so a ƙarasa jan nasa cikin ruwan a huta. Ya ji ƙafarsa ɗaya ta riga ta bar siminti.

"Wa ya san mai sandan nan?"

"Ni ne," ya ce. Muryar ba ta fita ba. Ya sake. "Ubana ne. Na gan shi a get. Ni na kashe wayar."



Yatsun suka warware ɗaya bayan ɗaya.

"Ba mu za ka gaya wa ba," aka raɗa masa.

Ya faɗi a kan gwiwa, ya miƙe, ya ari na kare. Jaka ta tafi, tocila ta tafi. Taku goma kacal ya yi sai ga shi a waje, gaban turken fitila, motoci na ta hon, wani mai shago na jan ƙofarsa. Magaribar ma ba ta gama rufawa ba. Ya dubi hannunsa na hagu. Zobe biyu ne baƙaƙe a wuyan hannun, kamar an ɗaure shi da jiƙaƙƙiyar igiya.

Ya faɗa bas ɗin farko da ya tsaya. Bai gama zama ba wayar matar da ke gefensa ta yi ƙara. Ta mutumin gaba ta yi. Ta kwandasta ta yi. Matar ta karanta a fili, ta waiga tana neman yaro a cikin motar.

"Wai wani yaro mai mantuwa. Allah sarki, ko ɗan waye?"

Auta ya zaro batirin daga walat ya wurga ta taga. Ya kashe wayarsa. A tasha ta gaba mutum uku suka shigo, wayoyinsu suka yi ƙara tun suna kan matakala. Ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa har suka iso layinsu.

Yaya na zaune a falo tana ninke kaya, fitila ɗaya a kunne. Ta rame, idanunta sun faɗa. Tana ganinsa ta miƙe.

"Auta, lafiya? Ina takalminka ɗaya?"

Sai a lokacin ya lura. Kafin ya amsa, wayarta da ke kife a kan tebur ta girgiza. Ta miƙa hannu.

"Yaya, kar ki duba," ya ce. "Don Allah. Bari in faɗa da bakina."

Ya durƙusa a gabanta kamar yadda bai yi ba tun yana firamare. Bai rage komai ba. Ya faɗi taga, ya faɗi dariyar baƙon, ya faɗi tambayar manaja. Ya faɗi kira uku, da batirin, da kwatar da ya jefa sandar. Idonsa na kan ledar ɗakin har ya gama.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka, ko ta ɗauke shi da mari, da ya ji sauƙi. Ta zauna a hankali, rigar da take ninkewa na kan cinyarta.

"Ya gan ka?" ta ce.

"Ban sani ba."

"Ya ci abinci da safen ranar, rabin kwano. Na ce in na sauko zan ƙarasa ba shi." Ta shafa rigar, ta daidaita wuyanta. "Wata bakwai kana zuwa nan kana kallona. Kana riƙe mini hannu."

"Ki yafe mini, Yaya."

"Tashi ka wanke ƙafarka, ka ɓata mini leda."

Da ya dawo daga banɗaki ta ɗaga wayar tana dubawa. Ba komai a ciki sai saƙon kamfanin layi. A tasa wayar ma, da ya kunna, sunan sandar ya ɓace daga manhaja, bai kuma sake dawowa ba.

Zoben hannunsa bai goge ba. Likita ya ce bai ga ciwo ba, ya ba shi man shafawa, Auta ya koma sa riga mai dogon hannu. Ya bar aikin manna maɓalli ya roƙi a mai da shi sito, inda ba taga. Ya je ya samu mai gadin ya gaya masa shi ne ɗan da yake ta kira ranar, mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya koma ɗakinsa. Maƙwabta sun ce Yaya ta fara barci, har ta koma koyarwa.

Ba ta hana shi zuwa gidan ba. Duk ƙarshen mako yana zuwa, ta amsa gaisuwarsa, ta tambaye shi aiki. Akwai wani kofin silba mai lotsattsen baki da yake shan ruwa da shi tun yana yaro, ko baƙo ya cika gidan ba mai taɓa shi. Yana nan a kan kanta, yana ganinsa daga inda yake zama. Yanzu in ya zo, Yaya ta kan buɗe kabad ta ɗauko kofin gilashi na baƙi, ta ɗauraye, ta ɗora a faranti, ta ajiye a gabansa ta ce, "Bismillah."